Ipofiz ko kwalba: wace allura za ka yi wa uwar tarwadarka?

Shekaranjiya bayan isha'i ƙanena ya kira ni daga Tawa. Ya gina basan biyu na siminti a bayan gida, ya samo uwayen tarwada biyar da maza uku, abinda ya rage mishi allurar da ke sa su saki ƙwai ce kawai. Ya ce "Yaya, wani ya ce in aika Konni a sawo mani kwalba, wani kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, in fasa kan namiji in ciro ƴar abar nan in yi da ita, to wanne zan kama?" Na fara mishi bayani a talho har kuɗin kiran ya ƙare ba mu kai rabi ba, shi ne na ce bari in zauna in rubuta, shi ya karanta, duk wani mai son fara ƙyanƙyasar ɗiyan kifi shi ma ya ƙaru, don tambayar nan ba shi ne na farko da ya yi mani ita ba tun da na fara wannan aiki nan Yamai.

Abu biyun da ake magana a kai, ɗaya ita ce ipofiz, wata ƴar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kifi wadda ake cirowa a niƙa a yi allura da ruwanta, ɗayar kuma ita ce maganin kamfani da ke zuwa cikin ƴar kwalba, Ovaprim ko Ovatide ko Ovulin, mu dai duk kwalba muke ce musu. Mutane sun fi tambayar wanne ya fi ƙarfi, ni kuma a ganina ba nan maganar take ba, duk biyun suna sa tarwada ta saki ƙwai, bambancin shi ne inda kowanne yake taɓawa a jikinta, kuma in ka gane wannan to sauran lissafin da kanka za ka yi shi.

Ka fara tambayar kanka, me ya sa ma sai an yi allura? Karfasa ai ba a yi mata komai, ka zuba mace da namiji a basan bayan ƴan makonni ka ga ɗiya sun cika wurin har su dame ka. Tarwada ba haka take ba. Akwai wani dattijo basarke da nake sayen kifi wurinshi a bakin kogi wajen Gamkalle, na taɓa ce mishi Baba, me ya sa tarwadar gida ba ta haihuwa, ya ce "ɗana, tarwada ba ta zuba ƙwai sai ta ji sabon ruwa a jikinta." Wallahi duk karatun da na yi daga baya bai wuce wannan maganar ba. A daji sai damina ta kankama, kogi ya yi ja, ruwa ya hau ya shanye ciyawar fadama, sannan da dare su fito wurin da ba zurfi su zuba ƙwai ya manne a jikin ciyawa. A basan kuwa ruwan jiya shi ne na yau, ba hawa ba sauka, ba ƙanshin sabuwar ƙasa, uwar za ta ci ta ƙoshi cikinta ya cika tim da ƙwai, amma matakin ƙarshe ba zai zo ba, in ta gaji da jira jikinta ya sake shanye ƙwan.

Abinda ke faruwa a ciki kamar saƙo ne hannu zuwa hannu. Fata da hanci da ido su ke jin canjin ruwa su kai wa ƙwaƙwalwa labari, ƙwaƙwalwa ta saki wani ormon, wato sinadarin da jiki ke aika saƙo da shi, da ake kira GnRH, shi kuma ya sauka kan ipofiz ya ce ta buɗe. Abin sha'awa a kifi, jijiyoyin ƙwaƙwalwar da kansu ne ke shiga har cikin ipofiz su kai saƙon, ba kamar mu da dabbobin gida ba da wasu ƙananan hanyoyin jini ke ɗaukar shi. Ipofiz in ta buɗe sai ta zuba wani ormon ɗin, LH, cikin jini da yawa a lokaci guda, LH ya isa jakar ƙwai, can ma a sake haɗa wani sinadarin da zai ƙarasa nunar da ƙwan ya ɓalle shi daga fatar da ke riƙe da shi. To amma akwai mai tsaro. Ita ƙwaƙwalwar dai tana sakin dofamin, aikinshi shi ne ya danne ipofiz kar ta buɗe, kuma a dangin tarwada da kifin kap dannewar nan tana da ƙarfi.

Ni yadda na fi gane shi, ka ɗauki ipofiz kamar rumbu ne cike da hatsi. GnRH shi ne umarnin mai gida a buɗe, dofamin shi ne wanda ya jingina da ƙofar ya hana. Tarwadar basan rumbunta a cike yake, umarnin ne bai zo ba. In ka yi allurar ipofiz, ba ka taɓa rumbunta ba sam, hatsin maƙwabci ka ɗebo ka zuba mata a tukunya, wato LH na wani kifin ka sa mata a jini kai tsaye. In kuma kwalba ce, abu biyu ke ciki, GnRH na kamfani da ya fi na jiki daɗewa kafin ya lalace, da domperidon mai janye mai tsaron daga ƙofa, sai rumbunta na kanta ya buɗe. Domperidon ɗin nan ma ba baƙo ba ne, shi ne cikin maganin amai da ake sayarwa a farmasi da sunan Motilium.

Hanyar ipofiz ta girmi kakanninmu a wannan sana'a. Bernardo Houssay na Ajantina ne ya fara gwada ta a kifi wajen 1930, sai Rodolpho von Ihering a Barazil ya maida ita aikin masu kiwo cikin shekarun 1930, a Indiya kuma Hiralal Chaudhuri ya yi nasara da ita a kan kifin kap a 1957. Ta kwalba ta zo ne cikin shekarun 1980 daga aikin mutum biyu, Lin Hao-Ran na Cana da Richard Peter na Kanada, har aka haɗa sunansu ana ce wa hanyar Linpe, kuma a kanta kamfanin Syndel na Kanada ya yi Ovaprim. Ovatide daga Indiya yake, Ovulin daga Cana.

Bari in faɗa maka yadda ciro ipofiz yake da hannu, don nan ne mutane ke tsorata. Ka sami kifi balagagge, namiji ko mace duk ɗaya, nauyinshi ya yi daidai da na uwar da za ka yi wa allura, ƙa'idar ke nan, kilo da kilo, in kuma ƙanana ne ka haɗa biyu su kai nauyinta. Ka yanke kan, ka cire muƙamuƙin ƙasa da hargitsin maƙogwaro, ka wanke jinin, ka kifar da kan ya zamana rufin baki na kallon sama. Ƙashin kan tarwada tauri gare shi kamar kasko, ta sama ba ka shiga da sauƙi, ta nan ƙasan ake bi. Ka bi tsakiyar ƙashin da filaya ko ƙaramar wuƙa mai ƙarfi kana ɓantara kaɗan kaɗan, kar ka danna da ƙarfi, in ka ɗaga ƙashin za ka ga ƙwaƙwalwa fara, a jikinta ta ƙasa, wato gefen da ke kallonka yanzu, ga wata ƴar ƙwaya fara mai ɗan ja-ja, ba ta wuce ƙwayar hatsi ba. Ita ce. Ranar da na fara ganinta na daɗe ina kallonta a bakin hantsaki, ina mamakin ikon Allah, wai wannan ƴar abar ce ke riƙe da haihuwar kifin da ya cika kogi. Ka sa ta a ɗan turmin tangaran ko ƙaramin kofin gilas mai tsabta, ka niƙe ta sosai, ka zuba ruwan gishiri mili 1 zuwa 2, ka bari dusar ta kwanta, ka zuƙe ruwan sama da sirinji. Ruwan gishirin shi ne irin na ƙarin ruwa da ke farmasi, mai 0.9 cikin 100, in babu ka dafa ruwa lita 1 ka sa gishiri giram 9 ka bari ya huce. Allurar a naman baya ake yinta gefen ƙayar baya, a karkace ba a miƙe ba, ka rufe mata kai da jiƙaƙƙen tawul ta natsu, in ka zare ka murza wurin da yatsa don kar ruwan ya dawo.

Alherin wannan hanya shi ne tana hannunka. Kuma ga wani abu da masu cewa asarar kifi ce suke mantawa, namijin tarwada ba ya tatsuwa, ko ka matsa cikinshi har gobe farin ruwan da ke barbarar ƙwai ba zai fito ba, yadda aka saba yi sai an yanka shi an ciro maraina, ko da kwalba ka yi aiki namijin nan yanka shi za ka yi. To tunda zai mutu, ipofiz ɗinshi kyauta ce. Matsalar kawai ta lokaci ce, ita ipofiz da dare kake bukatarta, farin ruwan kuma sai da safe. Abinda nake yi, in yanka shi da dare, in ciro ipofiz in yi allura, marainan in goge su tas kar ruwa ya taɓa su, in sa a ƙaramin mazubi mai murfi in ajiye a firijo, wurin sanyi ba wurin ƙanƙara ba, da safe in tsaga su. Suna kai wa safe lafiya in sanyin bai yanke ba. In ba ka yarda da kuran ɗin unguwarku ba, to ka yanka biyu, ɗaya da dare ɗaya da safe, naman ai ba zubarwa za a yi ba, miyar gida ce ko a sayar.

Inda take da rauni kuma ba zan ɓoye maka ba, ba ka san ƙarfin abinda ka zuƙa a sirinji ba. Hatsin maƙwabci ne, in rumbunshi cike yake ka dace, in kuwa kifin bai balaga sosai ba, ko an kamo shi daga tabki tsakiyar sanyi, ko mace ce da ba ta daɗe da zuba ƙwai ba, to LH ɗin da ke ciki kaɗan ne kuma ido ba ya ganewa. Sai ka yi komai daidai, da safe ka matsa ciki ƙwai ya fito rabi da rabi ko ya ƙi fitowa, kai kuma ba ka san laifin uwar ne ko na allurar ba. Sannan ipofiz ba LH kaɗai ke cikinta ba, akwai ormon na girma da wasu da dama duk ka tura mata, kuma tsokar wani kifi ce ɗanya, in yana da ciwo ka iya kai mata shi, in hannunka ko turminka ba tsabta wurin allurar ya kumbura ya yi gyambo. Kuma ta fi aiki tsakanin dangi, ta tarwada a kan tarwada ko ramboshi, ta kifin kap busasshiya ma tana yi wa tarwada aiki a kan miligiram 4 duk kilo, amma kar ka ce za ka ciro ta kowane kifi ka gani a kasuwa.

Wasu na zuwa wurin masu yankan kifi su karɓi kawuna. Yana yi, in a gabanka aka yanka kifin yana da rai. Kan da ya yi awa uku a tire cikin ranar Yamai, ka bar shi kawai. In ka sami kawuna da yawa kana iya tara ipofiz ɗin a asiton, wani ruwan sinadari mai busar da ita, ka canza mata shi sau biyu cikin kwana guda, ka shanya a inuwa kan takarda, ka rufe a ƴar kwalba busasshiya, tana yin watanni. Asiton tsantsa fa, ba na goge farcen mata ba, wancan akwai mai da turare a ciki.

Kwalba kuwa abinda ta fi shi ne awo. A Ovaprim duk mili 1 akwai mikrogiram 20 na GnRH da miligiram 10 na domperidon, yau haka gobe haka, kuma ana ba uwa rabin mili duk kilo 1. Uwa mai kilo 1 da giram 200 ke nan mili 0.6, ka ɗora ta a sikeli ka lissafa ka zuƙa, magana ta ƙare. Kwalbar mili 10 tana isar uwaye kilo 20. In kana da uwaye takwas a dare ɗaya, ka tuna fasa kai takwas da niƙa takwas, ga sauro ga dare na tafiya, da kwalba kuwa kafin shayi ya nuna ka gama. Ba jini, ba ɗaukar ciwo daga wani kifi, kuma da yake GnRH ƙaramin sinadari ne da kusan duk kifaye ke jin yarenshi, kwalba ɗaya tana yi wa tarwada da ramboshi da kap. Ovaprim kauri gare shi kamar zuma, ƙaramar allura tana wahalar jan shi, Ovatide ya fi shi ruwa-ruwa. Ko wanne ka saya ka karanta takardar da ke ciki, awon ba lalle ya zama ɗaya ba. Akwai masu sirka shi da ruwan gishiri don ya yi auki, ni ban ba sabon shiga shawarar haka ba, abinda ka biya kuɗi dominshi shi ne tabbacin awo, in ka sirka ka zubar da shi.

Amma kwalba rumbun uwar take buɗewa, don haka in uwar ta sha wahala, an kwaso ta daga nesa a bido cikin zafi, ko ba ta cin abinci mai kyau, umarnin zai je amma abinda zai fito kaɗan ne. Kuma saboda saƙon sai ya bi ta ipofiz ɗinta tukuna, tana ɗan fin jinkiri.

Maganar lokaci nan ne ake asarar ƙwai fiye da ko'ina, kuma zafin ruwa ne ke mulki ba agogonka ba. Da ipofiz, ruwa mai digiri 25 wajen awa 11 ne tsakanin allura da tatsa, wato matsa cikin uwar ƙwai ya fito, digiri 28 wajen awa 8, digiri 30 wajen awa 7, in ya sauka 20 kuwa sai ka jira kusan awa 21. Da kwalba ka ƙara awa biyu ko uku a kai, ni a ruwan digiri 27 zuwa 28 tsakanin awa 10 da 12 nake tatsa. Ka ga ke nan a watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40 da rana ruwan basan ma ya yi ɗumi kamar na wanka, in ka yi allurar ipofiz ƙarfe 9 na dare to ƙarfe 4 na asuba ka tashi, in ka bari sai hantsi ƙwan ya wuce, ko ka tarar ta zubar da shi a ƙasan baho. Kwalba a irin wannan lokaci tana ba ka ɗan sarari ka yi sallar asuba ka fara da hasken gari. A Disamba da Janairu kuma abin juyewa yake, ruwa ya yi sanyi, jiran ya yi tsawo, in ya sauka ƙasa da digiri 22 uwayen ma ƙwansu ja da baya yake, Tawa kuwa kai ka san sanyinta da iskarta. Saboda haka kafin ka sayi kowace allura ka sayi tarmometir, kuma uwar da aka yi wa allura a ajiye ta ita kaɗai a baho mai murfi da dutse a kai, in ka haɗa biyu za su yi wa juna rauni kafin safe.

Yanzu ga abinda ya sa ban yarda mutum ya dogara da kwalba kaɗai ba a ƙasar nan. Maganin ba ya son zafi ba ya son rana, ƙasa da digiri 25 ake so ya zauna, in an buɗe kuma firijo. To ka duba hanyar da yake bi kafin ya iso hannunka, mafi yawanshi ta Najeriya yake shigo mana, daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Illela zuwa Konni ko ya biyo ta Maraɗi, a aljihun wani ko gaban mota rana na dukanshi. Na taɓa sayen kwalba wurin wani mai kayan kifi, kwananta bai ƙare ba, murfinta lafiya, na yi wa uwaye shida allura waɗanda na yi wata huɗu ina ciyarwa, na kwana ina leƙa su da tocila. Awa 12 ba komai, awa 14 ba komai, awa 16 na matsa sai ɗan ƙwai mai jini-jini, ga namiji na riga na yanka, ga mutum biyu sun ba ni kuɗin ɗiyan kifi tun kafin. Daga baya na koma shagon da rana tsaka na ga inda yake jera kwalaben, kan kanta ƙarƙashin rufin kwano, ka taɓa kwalbar da ɗumi. Abin ya yi mani ciwo sosai, ba don kuɗin kwalbar ba, don uwayen nan da na wahalar a banza. Tun ranar in ban ga an ciro ta daga firijo a gabana ba ba na karɓa, kuma a kula da galas nake ɗauko ta.

Sai kuma abinda duk muka gani. Da aka rufe iyaka da Najeriya a watan Agusta 2023 har zuwa Maris 2024, ga kuran da ke zuwa daga can an yanke, kwalba ta yi wuya ta yi tsada, wadda ke gareka ma firijon ajiye ta ba ya samun wuta. A watannin nan waɗanda suka iya fasa kai su ne suka ci gaba da ƙyanƙyasa.

Ta wajen kuɗi lissafin ba wuya. Farashin kwalba yana bin naira da kuɗin mota, don haka ka ɗauki abinda aka ce maka yau ka raba gida 20, shi ne kuɗin allurar uwa mai kilo 1. Uwa mai kilo 1 in ta nuna da kyau tana ba da ƙwai giram 100 zuwa 150, kowane giram kuma akwai ƙwai wajen 600, ka ga dubu 60 zuwa sama ke nan. In ka auna da wannan, kuɗin allura ba komai ba ne, da sharaɗin za ka shanye kwalbar. Nan ne mai uwa biyar yake faɗawa rami, zai ja mili 2 ko 3, sauran 7 ko 8 su zauna wata da watanni suna jiran uwayen su sake cika, kuran na zuwa na ɗaukewa, ranar da zai koma kanta ba shi da tabbas. Shi kuɗin allurarshi ba kashi ɗaya cikin 20 ba ne, kusan kuɗin kwalbar ne duka. Sai dai in ku uku ko huɗu ne a gari ku haɗa kuɗi ku saya ku yi allura sati guda.

Akwai ta uku da za ka ji ana ambata, hCG, ormon ne da ake tacewa daga fitsarin mata masu ciki, yana yi wa tarwada aiki irin na LH kai tsaye. Shi ma sai firijo, in an jiƙa shi ba ya daɗewa, kuma in ana maimaita wa uwa ɗaya jikinta na iya sabawa ya rage ji. Ni ban ga abinda zai kai sabon shiga wurinshi ba.

Masu saye kan tambaye ni ko kifin allura yana da illa a ci. Ɗiyan da aka ƙyanƙyashe ba a yi musu allurar komai ba, uwar aka yi wa, su sun girma ne da abinci kamar kowane kifi. Uwar ce abin lura, wadda aka yi wa kwalba ni ba na sayar da ita don miya, a Amurka ma izinin da aka ba Ovaprim na uwayen kifin ado ne ba na ci ba. Wadda aka yi wa ipofiz ba wannan damuwar, abin jikin ɗan uwanta ne. Kuma mai juna biyu kar ta riƙe sirinjin kwalba, kai ma ka kiyaye kar ka soki yatsanka.

Abu guda da duk biyun suka yi tarayya a kai, kuma shi ne na fi so ƙanena ya riƙe, ba allurar da ke nunar da ɗanyen ƙwai. Matakin ƙarshe kawai suke turawa. Ƙwan sai ya riga ya cika da gwaiduwa, wannan kuwa aikin watanni ne, hantar uwar ce ke haɗa gwaiduwar daga abincin da kake ba ta jini ya kai wa ƙwan. Don haka ka hana ta abinci kwana guda don kar tumbi ya ruɗe ka, ka kwantar da ita ka shafa cikin, ya zama mai laushi ba tauri ba, mafitar ta ɗan kumbura ta yi ja, ka matsa a hankali ƙwai kaɗan su fito. Ka jera guda 10 a kan ƴar rula, in sun wuce santimita 1 da ɗan ƙari, girmansu ɗaya, launinsu kore-kore mai ruwan ƙasa, to ta isa. In ƙanana ne da manya a gauraye ko fari-fari, maida ta ruwa ka ƙara mata sati uku. Rabin zagin da ake yi wa kwalba da rabin wanda ake yi wa ipofiz, uwar ce ba ta nuna ba. Sauran kuma a wurin tatsa ne, kwanon ya zama busasshe ƙaƙas, hannu busasshe, ka tsaya da zarar ka ga jini, ka zuba farin ruwan ka gauraya kafin ruwa ya shiga, don ƙwayoyin namiji in suka ji ruwa motsinsu bai wuce minti guda ba.

To wa zai ɗauki wanne? In kana nan Yamai, kana yi wa uwaye sama da biyar allura duk wata, kana da firijo mai panno ko wutar da ka yarda da ita, kuma ka san mai sayarwar da ke ajiye kayanshi a sanyi, ka kama kwalba, za ta rage maka wahala kuma ƙwanka zai riƙa zuwa bai ɗaya. In ramboshi kake haɗawa da tarwada ma kwalba, don uwar ramboshi babba ce, samo mata kai mai nauyinta asara ce ta gaske. In kuwa uwayenka ba su wuce na ƙanena ba, kana nesa da inda ake sayarwa, firijonka na gida ne da yara ke buɗewa suna ɗaukar ruwa, to ipofiz ta fi maka, kuma ka ciro ta daga mazan da kai ka kiwata ka san shekarunsu da cinsu, wannan yana rage rashin tabbas ɗin sosai.

Shi dai na ce mishi kar ya aika Konni tukuna. Ya bari in masu kifin Tabalak sun shigo kasuwa ya sayi tarwada huɗu ko biyar na miya, kafin a dafa ya zauna da filaya ya koyi nemo ƙwayar, ta farko zai murƙushe ta, ta biyu ma wataƙila, zuwa ta huɗu hannunshi zai gane wurin. Ranar allurar kuma uwa biyu kawai zai yi wa, ya bar ukun, ya auna ruwan ya rubuta awar a bango da gawayi, in ta cika ya kira ni a bidiyo in ga ƙwan kafin ya yanka namijin da zai ba da farin ruwa.